Farin Ɗigo a Bayan Ƙofar Sauri

Ni ɗinkin buhu nake yi. Shi na tarar ana yi a gidanmu, shi nake yi har yau da furfura ta cinye mani gemu, kuma bayana ya riga ni gajiya da shi. Ina aji huɗu na firamare mahaifinmu ya rasu, na aje littafi na ɗauki basilla. Muna sayen buhunan taki da na sukari da aka zazzage, mu farke su, mu wanke, mu haɗa su falle-falle su zama shimfiɗar da manoma ke shanya gero da barkono a kai. Aikin ke nan. Babu abin ba da labari a cikinshi, in ban da abu ɗaya da ya faru a shekarun farko bayan soja sun koma bariki, shi ma kuma ba abin alfahari ba ne a wurina.

Autanmu shekara goma sha ɗaya na ba shi. Yana goye a bayan Inna aka fita da gawar mahaifinmu, don haka ni ne uban da ya sani. Da basillar nan aka yi mashi makaranta har ya gama jami'a ya fito injiniya. Ya yi shekara biyu zaune a rumfata yana hamma yana karanta tsofaffin jaridu, sannan aka ɗauke shi aiki a Abuja, a wata ma'aikata da ke kula da tauraron ɗan'adam, irin wanda ke zagaya duniya yana ɗaukar hoton ƙasa daga sama.

Da ya gaya wa Inna sai ta ce, "Waɗanda Allah Ya yi ba su ishe ku ba?"

Ya yi dariya, ya ce nasu ƙarami ne, bai fi buhun gero girma ba.

Abin da na sani game da aikinshi kaɗan ne, don kaɗan yake faɗa mani. Akwai wani ɗaki mai sanyi cike da kwamfutoci, akwai kujera a gabansu. Tauraron yakan bi ta saman ƙasar nan da hantsi, ya yi kamar minti goma ana iya magana da shi, sannan ya wuce ya ɓace. Cikin mintocin nan ne wanda ke kan kujerar zai aika mashi da umarni, ya buɗe ido a lokaci kaza, ya ɗauki wuri kaza, ya sauko da hoton jiya. Su shida aka ɗauka sababbi, ana gwada su. Uku za a bari a ɗakin, sauran a rarraba su ofis-ofis suna jan fayil. Kujerar nan autanmu yake so. Ban taɓa ganin ya so wani abu haka ba, ko mace.

Ƙarshen damina ya zo gida ranar wata Juma'a, ya same ni a rumfa a Ƙofar Marusa. Lokacin rumfunanmu cike suke, don tunda 'yan siyasa suka gano taki ya fi jawabi shiga kunne, buhu bai ƙara yankewa a Katsina ba. Ya tsugunna ya gaishe ni, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ya juya wajen taubashinmu, ɗan ƙanen Inna, wanda muke rumfa ɗaya da shi. Mutum ne mai baki kamar aska.

"Injiniyan sama," in ji taubashin, "an sauko lahiya? Ya mutanen can? Wata na gaishe mu kuwa?"

"Yana gaishe ka. Ya ce daga can ma sanƙonka kaɗai ke ƙyalli a duk Ƙofar Marusa."

"Ka ji ɗan banza. To ka ce ya ɗauke ni hoto, in aika wa surukaina."

Da suka gama ya matso kusa da ni. "Yaya, farar shimfiɗa nake so. Babba. Taku arba'in nan, taku arba'in nan."

Na aje basilla. "Geron wa za ka shanya?"

"Ba shanya ba ce. Tauraron ne zai ɗauke ta hoto."

Ya ce ogansu ya ba kowannensu dama ya kawo gwaji ɗaya na kanshi, shi kuma wannan ya zaɓa, da shi za a auna shi. Idon tauraron ba ya ganin ƙaramin abu, ɗigo ɗaya na hotonshi ya fi gidanmu girma, shi ya sa sai shimfiɗar ta yi faɗi haka. Iyakar bayanin da ya yi mani ke nan. Ni kuma ban tambaya ba. Babba ba ya son ƙarami ya ga bai gane ba.

Washegari ya hau acaɓa shi kaɗai ya fita ta Ƙofar Sauri, bayan unguwarmu, da wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu wadda ke faɗin daidai inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Ya sami fili, ya nemi izinin mai shi, ya kafa turakun ƙarfe huɗu. Da la'asar ya kai ni in gani. Filin shimfiɗaɗɗe ne, babu itace babu gini, saura ce da ba a noma ba a shekarar. Amma wata siririyar hanya ta ratsa tsakiyarshi, ciyawar damina ta kusa rufe ta.

"Wannan hanya ce fa," na ce.

"Awa ɗaya ce kawai, Yaya. Wanda ya zo sai ya kewaye."

Na san hanyar. Ita ce mutanen unguwarmu ke bi da makara zuwa maƙabarta, don ta fi titi kusa ga wanda ya ɗauko nauyi a kafaɗa. Na ɗauka shi ma ya sani. Na manta a makarantar kwana ya girma, daga nan jami'a, ba a cika yin rasuwa yana gari ba. Ban gaya mashi hanyar makara ce ba. Ya dafa turke ɗaya ya ce, "Tsakanin huɗun nan za ta zauna. Kada ta gota." Na ce to. A raina na ce tsirfar 'yan boko ce, irin ta mai son layin rubutu ya miƙe.

Kwana goma sha biyu muka yi muna haɗa ta, ni da taubashin. Buhunanmu ba su kai ba, sai na bi mutanen da na taɓa ɗinka wa shimfiɗa ina aro, wannan falle biyu, wancan falle uku. Kowanne sai mun wanke shi mun juya gefen da babu rubutu ya kalli sama. Yatsuna suka farfashe. In na tashi daga zama sai na dafa bango kafin ƙuguna ya yarda ya miƙe.

Lokacin wayar hannu sabon shiga ce, ba irinmu ke riƙe ta ba. Wani mai teburin waya a bakin titi kusa da rumfarmu shi ke karɓar mana kira. Ta nan auta ya aiko cewa ranar Talata ne, ƙarfe goma da 'yan mintoci. Muka ɗora fallayen a amalanke biyu, muka shimfiɗa tun ƙarfe takwas tsakanin turakun, muka danne gefuna da duwatsu da guntayen bulo. Tara da rabi wani hadari marar ruwa ya taso daga gabas ya tsaya a kanmu kamar an aiko shi. Sai sha ɗaya ya watse.

"Ashe makaho ne tauraron naku," in ji taubashin yana naɗe falle. "Ɗan gajimare ya ishe shi. Inna ta yi gaskiya, na Allah sun fi."

Da yamma auta ya kira. Ya ce oga ya ƙara mashi rana ɗaya, Alhamis ta sama. In ta wuce shi ke nan, don tauraron na da aikin da ya fi wannan, ga ambaliya, ga gonaki, ga daji.

Ranar Alhamis ɗin bayan sallar asuba liman ya juyo ya ce Allah Ya yi wa wanzamin unguwarmu rasuwa, jana'iza ƙarfe tara da rabi. Tsohon nan shi ya yi mani askin suna, shi ya yi wa auta, shi ya yi mana kaciya, shi ya cire wa 'ya'yana beli. Na fito masallaci ina lissafi. Tara da rabi a sallace shi a ƙofar gidanshi, a ɗauko shi a kafaɗa, goma da 'yan mintoci yana tsakiyar filin nan. Daidai lokacin tauraro.

Bakwai da rabi muna filin, ni da taubashin da masu amalanke biyu. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Raɓa ta jiƙa ciyawa.

"To mi za a yi?" in ji taubashin. Ranar babu wasa a bakinshi.

"Ka taɓa taka buhun leda da laima a ƙafa?"

"Na taɓa. Ƙuguna bai manta ba."

"To mutum huɗu ne da makara a kafaɗa."

"Sai a ce masu su kewaye."

"Kai za ka tare gawa ka ce ta kewaye, ana ɗaukar hoto?"

Ni dai na riga na gama shawara. Na ce a raina, abin da ke can sama yana kallon Katsina gaba ɗaya, daga hasumiyar Gobarau har bayan gari, mi zai hana shi ganin farin abu mai faɗin nan don ya matsa kaɗan? Na juya gabas na fara taku ina ƙirgawa, na bar hanyar da tazara, na shiga wata gona da aka riga aka girbe geronta. Taku ɗari da ashirin. Ban san abin da ya sa na ƙirga ba, sabon awon buhu ne kawai. Mai gonar na nan yana tattara kara, na roƙe shi, ya ce bismilla. Muka kwaso duwatsun a amalanke, muka shimfiɗa, muka danne. Ta kwanta sumul, ta ma fi kyau a nan. Muka bar masu amalanke suna gadi, muka hau acaɓa muka koma aka yi sallah da mu.

Karɓa-karɓa ake ɗaukar makara, kowa ya sa kafaɗa ya matsa wa na baya. Nawa ya zo daidai cikin filin. Na wuce da tsohon nan a kafaɗata ta tsakanin turakun ƙanena, ina ganin biyu a dama biyu a hagu. Can gefe shimfiɗar na ɗaukar ido. Na ji wani a baya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Shanyar wa ce waccan, babu ko ƙwaya a kai?" A bakin kabari ana jera itace na ɗaga kai sau ɗaya na dubi sama. Babu komai, sai shirwa guda tana shawagi.

Bayan azahar mai teburin waya ya ƙwala mani kira.

"Yaya, an shimfiɗa?"

"An shimfiɗa."

"Sama fa?"

"Garau."

"Alhamdu lillahi. Allah Ya saka, Yaya. Allah Ya bar mana kai."

Bai tambayi a ina ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba. Na gaya mashi rasuwar wanzami, ya yi addu'a, muka aje waya. Na mayar wa mutane fallayensu, na koma ɗinkina.

Bayan kwana takwas ya sake kira. Tun daga sallamar na ji muryar ba tashi ba ce.

"Wurin shimfiɗar ya fito a hoton, Yaya. Fari tas. Amma ba a inda lissafina ya ce zai fito ba. Ya gota gabas da ɗigo uku."

"To sai mi?"

"Oga ya ce ko dai na karkata idon tauraron ba daidai ba, ko lissafina ne da kuskure. Wanda hotonshi ke gotawa ba a barin shi ya taɓa tauraro. Tun Litinin ina ofishin fayil. Na bi lissafin nan sau ban san adadi ba, ban ga inda na ɓata ba. Ƙarshen wata za su fitar da sunayen ukun."

Tun kafin ya rufe baki na gane. Da ya ce gabas, na ji kamar basilla ta shige mani ƙarƙashin farce. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya sa haka ya fi alheri." Ya ce amin.

Tunda na fara faɗa bari in faɗa duka. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin ganewa ba. Kunya ce. Shekara ashirin da wani abu ina gaya wa yaron nan abin da zai yi da wanda zai bari, ban taɓa zuwa gabanshi da laifi a hannu ba. Na ce wa kaina wataƙila su gano da kansu. Na ce wataƙila shi ma yana da nashi kuskuren, nawa ƙari ne kawai. Na ce ai gawa na girmama, Allah Ya gani. Duk wannan gaskiya ne ko kusa da gaskiya, amma ko ɗaya bai hana ni ɗaukar waya ba. Kwana tara ina wannan ciniki da zuciyata, ina ɗinki layi na karkacewa. Inna ta yi waya da shi sau ɗaya, ta dawo gida tana cewa, "Yaron nan ba ya cin abinci. Na ji a muryarshi." Na ce mata aiki ne ya yi mashi yawa.

Rana ta tara taubashin ya soke basillarshi a buhu ya dube ni.

"Wai har yau ba ka gaya mashi ba?"

"Ina ruwanka."

"Da ruwana mana, ni na riƙe ɗayan bakin shimfiɗar. Aradu ban taɓa ganin ƙaton da ke tsoron ƙanenshi ba sai kai. Ka goya shi, ka wanke mashi kashi, yau kuma kana laɓe-laɓe kamar wanda ya tsame naman miyar Inna."

"Bari ya zo gida tukuna."

"Ya zo gida da akwati a ka, ko? Ya dawo nan ya zauna yana karanta mana jarida? Tashi, sarkin buhu. Wanda ya karkata ɗinki shi ke farkewa. Ga teburin waya can bai gudu ba."

Na tashi. Tazarar ba ta kai taku talatin ba, na je na sa aka buga mani lambarshi.

"Auta, ni ne. Shimfiɗar nan, ba tsakanin turakunka na sa ta ba."

Ina jin fanka na juyawa a can inda yake.

"A ina ka sa ta, Yaya?"

"Gabas da su. Cikin gonar gero."

"Nisan me?"

"Taku ɗari da ashirin."

"Takun wa?"

"Nawa."

Na ji yana ƙirga wani abu ƙasa-ƙasa da Turanci. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mani sauƙi.

"Tun yaushe ka san wannan ne ya jawo?"

"Tun ranar da ka faɗa."

"Kwana tara."

"Kwana tara."

"Duwatsun da kuka danne da su fa?"

"Suna nan inda muka ture su. Wa zai ɗauki dutse?"

"Kada kowa ya taɓa su. Har kai."

Ya aje waya. Ranar ce ta farko da ya ba ni umarni babu don Allah a ciki.

Maganata ita kaɗai ba za ta yi mashi amfani ba, don kowa zai ce yayanshi ne ya ƙirƙiro labari ya cece shi. Sai ogan ya haɗo shi da wata babbarsu a ɗakin, mace ce, ba Bahaushiya ba, suka iso ranar Asabar da hantsi a motar ofis. Ta gaishe ni da 'yar Hausarta ta kasuwa, ta ce, "Sannu, Malam, ina gajiya." Auta ya tsugunna ya gaishe ni kamar kullum, amma idonshi na ƙasa, gaisuwar kuma ba ta wuce lafiya lau ba. Ya rame.

Na kai su gonar. Duwatsun na nan a jere, sun zana murabba'i a ƙasa. Matar ta fito da tata na'urar, ta aza a kusurwa ta farko, ta jira, ta rubuta, ta wuce ta biyu. Ba ta sauri. Da ta gama ta sa takalmi ta birkice wani dutse. Gara ta yi gini a ƙarƙashinshi, ga zaren buhu maƙale a ciki. Ta birkice wani can nesa, haka. Wato ba jiya aka aje su ba. Ta sa aka kira mai gonar, auta na fassara, ta tambaye shi yaushe aka yi shimfiɗa a nan. Ya ce ranar da aka binne wanzami, Alhamis, shi ma daga nan ya bi gawar.

Ta jingina da mota ta fito da takardar hoton da tauraron ya ɗauka, ta daɗe tana duba ta tana duba abin da ta rubuta. Sannan ta miƙa wa auta ta nuna mashi da biro. Ya duba. Sai kawai ya zauna a ƙasa da wandon ofis ɗinshi, cikin kututturen gero. Ta faɗi wani abu da Turanci tana dariya.

"Mi ta ce?" na tambaya.

"Ta ce tauraron ya fi mu gaskiya. Inda kuka sa ta, nan ya ce take. Lissafina daidai ne."

Sai ta juyo ta tambayi abin da ya sa na matsar da ita. Na ce su biyo ni. Muka taka har tsakanin turakun, na tsaya a kan hanyar. Ina faɗa guntu-guntu auta na juya mata. Na ce hanyar makara ce. Na ce buhun leda na da santsi, mai ɗauke da gawa kuma ba ya kallon ƙasa. Na ce a wurinmu ba a tare gawa a ce ta kewaye. Na ce ta nan muke bi da namu duka, ta nan aka bi da wanzami ranar, ta nan aka bi da ubanmu kana goye.

Wannan ta ƙarshen bai juya mata ba. Ya tsaya yana bin hanyar da ido, daga inda ta fito har inda ta shige cikin ciyawa. Matar ta dube shi ta dube ni, ba ta nemi fassara ba, ta koma mota.

Muka tsaya cire turakun. Ya ciro ɗaya, ya tsugunna ya zana murabba'i da shi a ƙasa.

"Yaya, ba ganin shimfiɗar nake son gwadawa ba. Na san zai gan ta. So nake in tabbatar in ya ce abu yana nan, to nan ɗin yake. In ruwa ya ci ƙauye aka ce ga inda ya kai, ko aka ce ga iyakar daji ga ta gona, da hoton nan za a yi aiki. In yana gotawa, mutane za a gota wa. Turakun nan na san inda suke har taku ɗaya. Shimfiɗar don ya nuna mani su ne kawai."

"Da ka faɗa mani haka tun farko."

"Na ɗauka ba za ka so dogon bayani ba."

"Ka ɗauka ba zan gane ba."

Bai musa ba. Ya share zanen da tafin hannu. "Matsarwar ba komai ba ce. Da ni ne a wurin, ni ma da na matsar. Da ka faɗa mani ranar, sai in zo in sake awo, shi ke nan. Kuma da ka ce mani hanyar makara ce, da tun ranar farko na cire turakun."

"Na ɗauka ka sani."

"Kwana taran fa?"

Muka ɗauki turaku biyu-biyu muka nufi mota.

Cikin satin aka mayar da shi kujerar, ƙarshen wata kuma sunanshi ya fito cikin ukun. Ba ni ya gaya wa ba. Inna ya gaya wa, ita ta gaya mani tana tankaɗe. Watanni bayan haka in ya kira gaisuwa ce gajera, ya jiki ya yara, a ba Inna. Ban ga laifinshi ba. Kwana tara na ci mashi, ya rama da wata biyar, na ga ma ya yi mani rangwame.

Da babbar sallah ya zo, ya aje mani wata takarda mai ƙyalli a kan buhu. Na juya ta sama da ƙasa ban gane ba. Duk ƙasa-ƙasa ce da ja-ja, da wani tabo mai duhu a tsakiya wanda ya ce shi ne Katsina, da mu da kasuwa da Gobarau da kowa. Ya sa farce can gefe ya nuna mani wani farin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Aikin kwana goma sha biyu ke nan, da yatsuna. Na nemi hanyar makara ban gan ta ba, ya ce ta yi siranta da yawa, idon ba ya kama ta.

Taubashin ya leƙo ya ce, "Wancan ɗigon ai sanƙona ne." Auta ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Yanzu filin ya zama gidaje, gonar geron ma haka, gawa kuma a mota ake kai ta, ta titi. Taubashin ma ta titin muka kai shi. Hoton na nan a rumfa cikin leda, ya koɗe, ɗigon ya kusa sajewa da sauran. Autan ya zama babba a wurin aikinshi, shi ke gwada sababbi. Har yau in zai sa ni wani abu, ko da karɓo saƙo ne a tasha, sai ya yi mani bayani daga tushe, dalili da dalilin dalili, wayar ta yi zafi a kunnena, bayana na ciwo, ɗinki na jira. Yawanci na gane tun jimlar farko. Ina barin shi ya gama.